Yadda Ake Auna Zaƙin 'Ya'yan Itace da Na'urar NMR Ba Tare da An Yanka Su Ba

Mai sayen kankana a kasuwar Ramin Kura ta Sakkwato dabara biyu gare shi: ko ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne, ko ya sa mai kaya ya fafe masa 'yar kusurwa ya ɗanɗana. Ta farko sabo ce da sa'a. Ta biyu gaskiya take faɗa, amma kankanar da aka huda ba ta kai gobe da darajarta a zafin Afrilu. A ɗakin gwaji ma haka ne, sai an matse ruwan ɗan itace an ɗiga a kan rifraktomita, na'urar da ke auna sukarin ruwa ta hanyar haske, kafin a san zaƙinsa, wanda aka auna kuma ya tashi daga kayan sayarwa.

Akwai hanyar auna zaƙi ɗan itace yana nan cur da ɓawonsa, ta amfani da maganaɗisu da igiyar rediyo. Ita ake kira NMR, kuma ilimin ɗaya ne da na na'urar MRI ta asibiti. An rubuta wannan jagora ne don ɗaliban kimiyyar abinci da aikin gona, da ma'aikatan ɗakin gwaji, da masu shirin sarrafa mangwaro ko tumatir ko kankanar fadamun Rima. Abu ɗaya za ka riƙe tun daga nan: ƙaramar na'urar NMR ba ta ganin sukari kai tsaye. Halin ruwan da ke cikin ɗan itacen take ji, lissafi ne ke juya wannan zuwa adadin zaƙi. Saboda haka ingancin aikin ya dogara ne ga kula da zafi, da kyawun awon da aka koyar da lissafin da shi, da gaskiyar jarrabawar da aka yi masa.

Abin da na'urar ke ji

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna wannan al'amari a 1946, kowa da tawagarsa a Amurka, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Cibiyar ƙwayar haidurojin tana da ɗan maganaɗisu nata. In aka sa ta cikin babban maganaɗisu sai ta riƙa juyi da mita sananniya, wato yawan juyi a daƙiƙa: megahaz 42.58 (juyi miliyan 42.58 a daƙiƙa) kan kowace tesla ɗaya ta ƙarfin maganaɗisu. Na'urar kan tebur mai ƙarfin tesla 0.47 kenan a megahaz 20 take aiki. Ana buga wa ɗan itacen igiyar rediyo daidai wannan mita na ɗan ƙanƙanen lokaci, sannan a saurari siginar da ke dawowa tana raguwa har ta ɓace. Kamar a daki ƙwarya ne a saurari yadda amon ke mutuwa: daga saurin mutuwarsa ake gane abin da ke ciki. Tsawon lokacin da siginar ke ɗauka tana lafawa shi ake kira T2.

T2 na tsabtataccen ruwa ya kai daƙiƙa 2 zuwa sama. A cikin tsokar ɗan itace ruwan ba wuri ɗaya yake ba, shi ya sa akan ga kashi uku. Ruwan da ke manne da bangon ƙwayar halitta yana lafawa cikin 'yan gomman milisakan. Na tsakiyar ƙwayar yakan ɗauki ɗari ko 'yan ɗaruruwa. Mafi yawan ruwan yana cikin babbar jakar ruwa ta ƙwayar, wadda yawancin sukari ke narke a cikinta, nasa kuma yakan kai daga ɗaruruwan milisakan zuwa sama da daƙiƙa ɗaya.

Sukari na taɓa wannan ruwa ta hanya uku. Yana musayar haidurojin da ruwan, abin da ke gajarta T2. Yana ƙara masa kauri, sai yawon ƙwayoyin ruwa ya ragu. Sannan haidurojin da ke jikin sukari yana amsawa a mitar da ta kauce wa ta ruwa da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. Wannan ta uku ita ce kaɗai gani kai tsaye, kuma da ita masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka yi aiki a shekarun 1990 da babban maganaɗisu. A na'urar megahaz 20 tazarar ba ta wuce haz 20 ba, rashin daidaiton maganaɗisun a faɗin ɗan itace guda kuwa ya ninka haka nesa, sai layin ruwa ya haɗiye na sukari.

To me zai hana a ce kawai gajeren T2 shi ne zaƙi? Saboda nuna na canja abubuwa da yawa lokaci guda. Ɗanyen mangwaro da ayaba cike suke da sitaci, wanda shi ma yana gajarta T2. Suna nuna sitacin na narkewa ya koma sukari, sai T2 ya iya ƙaruwa alhali zaƙi na hawa. Bangon ƙwayoyi na laushi, guraben iska na canjawa, ruwa na raguwa. Duk waɗannan suna cakuɗe cikin sigina ɗaya, aikin lissafin shi ne tsame rabon da ke tafiya da sukari.

Zaɓen na'ura da ɗan itace

Fara da auna faɗin ramin da ake sa samfuri. Na'urorin kan tebur da aka fi samu raminsu daga milimita 10 ne zuwa 60. Wannan ya ishi ƙaramin tumatir, lemun tsami, ƙaramar gwaiba, dabino da magarya. Mangwaro na son rami mai milimita 100 zuwa sama. Kankana ba ta shiga ko ɗaya, sai dai na'urar MRI, ko irin na'urar mai fuska ɗaya da aka ƙirƙira a Aachen ta ƙasar Jamus, wadda ake ɗora abu a kanta ta leƙa ciki har zurfin milimita 25. Ga kankana wannan zurfi ɓawo ne da gefen tsoka kawai, zuciyar da ta fi zaƙi tana can nesa, don haka kada a sa ran abin da na'urar ba ta kai gare shi ba.

Shawararmu ga mai farawa ita ce tumatir ko ƙaramar gwaiba. Suna shiga rami, ruwansu da yawa, siginar na da ƙarfi. Mangwaro ya fi jan hankalin kasuwa amma ƙwallonsa na da ruwa da sitaci da mai nasa, kuma girman ƙwallon ya bambanta daga iri zuwa iri. Busasshen dabino lamarinsa daban ne ƙwarai: ruwansa kaɗan, T2 ɗinsa gajere, saitin da ke ƙasa ba nasa ba ne.

Iri ɗaya za ka ɗauka. Lissafin da aka gina kan wani irin mangwaro ba ya aiki kan wani sai an gwada an tabbatar.

Sauran kaya: rifraktomita ta dijital mai kuskuren da bai wuce 0.2 ba, sikeli mai auna giram 0.01, ma'aunin zafi mai tsinke, bilenda, farin ƙyalle na tacewa, ruwan da aka tace ta tururi, mariƙin samfuri na roba ko Teflon marar ƙarfe, da kwamfuta mai manhajar lissafi ta R ko Python.

Ɗaki da zafi

Nan ne aikin ke tsayawa ko ya rushe a Sakkwato, don haka a yi haƙuri mu daɗe a kai.

Maganaɗisun niyodimiyam yana rasa kusan kashi 0.12 cikin 100 na ƙarfinsa kan kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. A megahaz 20 wannan kilohaz 24 ne. Shi ya sa masu ƙera na'urorin ke sa hita da ke riƙe maganaɗisun a zafi guda, galibi tsakanin digiri 30 da 40 na Salshiyas. Hita ce, ba firji ba. Tana iya ɗumamawa, ba ta iya sanyayawa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin gari ke haura 40, ɗakin da ba sanyi zai kamo ko ya wuce wannan mataki, sai mitar ta riƙa zamewa kana tsaka da awo. A lokacin hunturu kuma safiya na iya sauka ƙasa da digiri 20 rana ta yi ta hau, wannan hawa da sauka shi ma illa ne.

Riƙe ɗakin tsakanin digiri 22 da 26 dare da rana. Kada iskar na'urar sanyaya ɗaki ta bugi maganaɗisun kai tsaye. Haɗa na'urar da inbata da batir, in da hali da sola, domin in wuta ta ɗauke maganaɗisun ya huce, sai an jira sa'o'i da dama, wani lokaci yini guda, kafin ya daidaita. Inbata mai arha na zuba hayaniya cikin siginar rediyo. Nemi mai tsabtar wuta, ka nisanta ta da na'urar, ka tabbatar an binne wayar ƙasa da kyau. A rani ƙasa kan bushe har wayar ta daina aikinta, sai a riƙa jiƙa ramin.

Zafin ɗan itacen kansa shi ne na biyu. Saurin yawon ƙwayoyin ruwa na ƙaruwa da sama da kashi 2 cikin 100 kan kowane digiri, T2 ma na bin zafi. Mangwaron da aka sauke daga mota da azahar da wanda ya kwana a ɗaki za su ba da sigina daban ko da zaƙinsu ɗaya ne. Bambancin digiri biyar na iya rinjayar tasirin sukarin da kake nema gaba ɗaya.

Ƙurar hunturu da jar ƙasa na ɗauke da ƙarfe. Rufe ramin na'urar duk lokacin da ba a aiki. Wuƙa, makulli, waya da katin banki su tsaya nesa, wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuma kada ya kusanci maganaɗisun.

Tara samfura

Nemi 'ya'yan itace 120 zuwa 150 a ƙalla. Yawan ba shi ne kan gaba ba, bambancin ne. Ɗauko daga gonaki huɗu ko biyar, misali wasu daga Kwalkwalawa, wasu daga Wurno, wasu daga yankin madatsar Goronyo, a ranakun tsinka daban, da ɗanye da mai shirin nuna da nunanne, manya da ƙanana. In duk ɗanyun daga gona ɗaya suka fito, nunannun kuma daga wata, lissafin zai koyi bambance gonaki ne kai kuwa kana zaton zaƙi ya koya. Kowace gona ta ba da kowane matakin nuna.

Wanke kowanne, ka tsane shi sarai, domin ɗigon ruwa a kan ɓawo yana da dogon T2 kuma zai shiga lissafi. Rubuta lamba da alƙalami a jiki, ba da takarda mai fil ba. Auna nauyi. Rubuta gona, ranar tsinka, launi da duk wani tabo.

Ajiye su a ɗakin awon su ɗauki zafinsa. Tumatir sa'a uku zuwa huɗu, mangwaro shida zuwa kwana, kankana yini da kwana. Ware ɗaya na sadaukarwa ka soke shi da ma'aunin zafi har tsakiya. Sai ya zo cikin rabin digiri da zafin ɗakin za a fara. Kada a sa mangwaro a firji don a gaggauta: ƙasa da digiri 12 zuwa 13 sanyi na lalata ƙwayoyinsa, lalacewar kuma tana canja T2.

Awon kansa

Kowace safiya fara da samfurin shaida, wato kwalba rufaffiya ta man ma'adinai ko ruwan da aka narka ɗan kofa salfet a ciki. Nemo mitar tsakiya, ka auna T2 ɗinsa da ƙarfin siginarsa, ka rubuta a littafi. Ranar da suka kauce da fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 daga yadda aka saba, nemo dalili kafin ka taɓa ɗan itace.

Sa ɗan itace a tsakiyar kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke aika bugun rediyo ta kuma karɓi siginar, a tsayi guda kullum. Daidaita kwayil ɗin yana ciki, don ruwa mai gishiri-gishiri na ɗan itace yana canja yadda kwayil ke amsawa. Sannan nemo tsawon bugun digiri 90 da na 180, wato bugun rediyon da ke karkatar da maganaɗisun haidurojin da kusurwar digiri 90 ko 180. In bugun bai yi daidai ba, za ka ga farkon siginar na tsalle sama da ƙasa.

Jerin bugun da ake amfani da shi sunansa CPMG, daga Carr da Purcell a 1954 da gyaran Meiboom da Gill a 1958. Bugu ɗaya na digiri 90, sai dubban bugun 180, kowanne na dawo da amsa-kuwwa ɗaya. Ga saitin farawa ga ɗan itace mai ruwa:

- tazara tsakanin amsa-kuwwa: milisakan 0.5
- yawan amsa-kuwwa: 12,000, wato daƙiƙa 6 na saurare
- hutu kafin maimaici: daƙiƙa 10 zuwa 12
- maimaici: sau 8

Dalilin daƙiƙa 6 shi ne a bar siginar ta mutu har ƙasa, kusan ninki biyar na T2 mafi tsawo. In aka yanke ta da wuri, lissafi zai ƙirƙiro kashin ruwan da babu shi. Hutun kuma don ruwan ya koma yadda yake ne. In ya gaza, ruwan babbar jaka, wanda shi ne mai sukarin, shi zai fi raguwa a siginar. Lura cewa wasu manhajoji rabin tazarar suke tambaya, ba cikakkiya ba. Duba littafin na'urarka.

Maimaici sau huɗu yana ninka tsabtar sigina sau biyu ne kawai, don haka wuce 8 ko 16 ɓata lokaci ne ga babban ɗan itace. Akwai kuma illa: dubban bugun rediyo na ɗumama samfuri, ramin na'urar ma ɗumi gare shi. Kowane ɗan itace ya yi minti iri ɗaya a ciki.

Yana da amfani a sake awon da tazarar milisakan 2 da amsa-kuwwa 3,000. Musayar haidurojin da yawon ruwa sun fi bayyana a doguwar tazara, bambancin awon biyu kan ba lissafin ƙarin abin kamawa. Juya ɗan itacen ka auna ta fuska uku. Awo ɗaya ɗan sama da minti biyu ne, shida kenan kusan minti 13, samfura 150 kuwa sun haura sa'a 32. Aikin mako guda ne, 'ya'yan itace kuma ba sa jira, don haka a riƙa kawo su kashi-kashi. Cakuɗa jerin awon. Kada ka auna ɗanyu duka da safe nunannu da yamma, domin in na'ura ta zame da zafin rana, zamewar za ta yi kama da zaƙi.

Awon Brix na gaskiya

Da an fitar da ɗan itacen daga na'ura, a yanka cikin sa'a ɗaya. Digiri ɗaya na Brix daidai yake da giram 1 na sukari cikin giram 100 na ruwan sukari. Saita rifraktomita a sifili da tataccen ruwa, ka gwada ta da haɗin giram 10.00 na sukari da giram 90.00 na ruwa. Ya kamata ta nuna 10.0. Da sikeli ake wannan haɗi. Giram 10 cikin mililita 100 na ruwa zai ba ka kusan 9.1, sai ka zargi na'urar da ba ta da laifi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna ɗan itace gaba ɗaya da NMR sannan a matso ɗigo biyu daga kunci ɗaya. Zaƙi ba daidai yake a ko'ina ba. Zuciyar kankana kan ɗara gefen ɓawo da digiri biyu ko fiye, mangwaro ma ɓangarorinsa ba ɗaya ba ne. Ɓangaren da kwayil ya gani shi za a niƙa. In duka ya gani, a fere, a cire ƙwallo, a markaɗa tsokar baki ɗaya, a tace da ƙyalle, a auna sau biyu daga ɗiba daban.

Daga waɗannan tagwayen awo za ka san kuskuren ɗakin gwajinka: ninka kowane bambanci da kansa, tara su, raba da ninki biyu na yawan samfura, ka ɗauki tushen murabba'i. In ya fito 0.3, kada ka yi tsammanin jarrabawa za ta nuna maka hasashen da ya fi wannan daidai.

Brix ba zaƙin harshe ba ne cif. Duk abin da ya narke yake ƙirgawa, har da tsami. A lemun tsami mafi yawan adadin tsami ne. Furuktos ya fi sukarin rake zaƙi, gulukos bai kai shi ba. Ga tumatir da mangwaro da lemu, auna tsamin ma: mililita 10 na ruwan, a ɗiga masa sodiyam haidiroksaid mai ƙarfin mola 0.1 har pH ya kai 8.1, a ninka mililitar da aka ci da 0.064, shi ne kason sitirik asid cikin 100. Rabon Brix da tsami ya fi kusa da abin da mai ci zai ji.

Gina tsarin hasashe

Fara da gyara siginar. Yar da amsa-kuwwa ta farko ko biyun farko. Raba kowace sigina da ƙimarta ta farko, ko da nauyin ɗan itacen, in ba haka ba girma lissafin zai koya. Rage ɗigon siginar 12,000, wato amsa-kuwwar nan, zuwa 200 ko 300, masu yawa a farko inda siginar ke saurin faɗuwa, 'yan kaɗan a wutsiya, kowanne matsakaicin maƙwabtansa.

Daga nan hanya biyu ce. Ana iya warware siginar zuwa rabe-raben T2 da dabara irin ta CONTIN da Provencher ya wallafa a 1982, a ga tudu uku na kashin ruwan nan uku. Hoton na da daɗin fahimta, amma 'yar hayaniya na iya matsar da tudu ko ta haɗe biyu, kuma dole a yi amfani da matakin laushi guda ga dukkan samfura. Ko kuma a ba lissafin siginar yadda take. Mun fi son ta biyu don hasashe, ta farko don bayani.

Dabarar da aka fi amfani da ita ita ce PLS, wadda Herman Wold da ɗansa Svante Wold na Suwidin suka assasa. Ɗigon siginar duk suna tafiya tare, don haka lissafin layi na yau da kullum ba ya iya su. PLS na dunƙule su zuwa 'yan ginshiƙai waɗanda suka fi tafiya da Brix. Akwai ta kyauta a kunshin pls na R da scikit-learn na Python. Cire matsakaici daga kowane ɗigo. Kada ka daidaita bazuwar ɗigon su zama ɗaya, don hakan zai ɗaga hayaniyar wutsiya ta yi daidai da siginar gaske.

Kafin komai, ware kashi ɗaya cikin huɗu na jarrabawa, ka kulle shi. Mafi kyau ya zama gona guda sukutum ko tsinkar rana guda. Dabarar Kennard da Stone ta 1969 na raba samfura da kyau, amma jarrabawarta na da sauƙi, domin kowane ɗan jarrabawa yana da ɗan'uwa a rukunin koyarwa. Awo ukun da aka yi wa ɗan itace ɗaya kuma su zauna gefe guda, ko a haɗe su a ɗauki matsakaici. In ɗaya ya faɗa koyarwa biyu jarrabawa, sakamakon zai yi kyau ƙwarai kuma ƙarya ne.

Yawan ginshiƙai ana zaɓensa ne cikin rukunin koyarwa: a cire gona ɗaya ko kashi ɗaya cikin goma, a gina da saura, a yi hasashen wanda aka cire, a zagaya. Zana kuskuren a kan yawan ginshiƙai. Zai sauka, ya kwanta, daga baya ya fara hawa. Tsaya a farkon kwanciyar. Siginar CPMG ba ta da bayani mai yawa a ciki, biyu zuwa shida sun saba isa. Wanda ya ga yana bukatar 12 ya sani hayaniya tsarinsa ke haddacewa. A samu samfuri shida a ƙalla kan kowane ginshiƙi.

Samfurin da ya fita daban kada a goge shi don kawai ya ɓata hoto. Koma littafi. Sau da yawa za ka tarar da ruɓa a ciki, ko tsutsa a ƙwallo, ko rami, ko ƙujewar lodi, ko kuskuren rubuta lamba. Mai dalili a rubuce shi ake cirewa.

Sannan a buɗe rukunin jarrabawa, sau ɗaya. In ka koma ka gyara tsarin saboda abin da ka gani, wannan rukuni ya zama na koyarwa, sai ka nemo sabo.

Karanta sakamako

Adadi mafi muhimmanci shi ne RMSEP: bambancin hasashe da ainihin Brix, a ninka kowanne da kansa, a ɗauki matsakaici, a fitar da tushen murabba'i. Da digirin Brix yake fitowa, kowa na iya fahimtarsa. Duba kuma ko hasashen duk ya karkata sama ko ƙasa. Sai RPD, wato bazuwar Brix ta rukunin jarrabawa a raba da RMSEP. A ɗauka, don misali, bazuwar 2.4 ce RMSEP kuma 1.0, RPD 2.4 kenan. Ƙasa da 1.5 ba shi da amfani. Wajen 2 zuwa 2.5 ya isa rarraba kaya aji-aji. Daga 3 ne ake maganar awo.

Kada R², adadin da ke nuna yadda hasashe ke tafiya da ainihin Brix wanda 1 ne ƙololuwarsa, ya ruɗe ka. Ɗanyen mangwaro mai Brix 7 da nunanne mai 17 in aka zuba su wuri ɗaya, R² zai haura 0.9 cikin sauƙi, alhali yaro ma zai bambance su da yatsa. Tambayar kasuwa ita ce, cikin nunannun nan wanne ya fi? Lissafa kuskuren a cikin nunannu kaɗai. Gina kuma wani tsari da nauyi da launi da kwanakin tsinka kawai. In NMR bai ɗara wannan ba, bai biya kuɗinsa ba. Gwaji na ƙarshe: hargitsa adadin Brix tsakanin samfura sau ɗari, kana sake gini kowane karo. Tsarin gaske dole ya yi wa na hargitsin nisa.

Wajen amfani, RMSEP na 1.0 na nufin wanda aka yi wa hasashen 11 galibi yana tsakanin 9 da 13. Ƙa'idar Amurka ta kankana tana kiran Brix 8 a tsakiya mai kyau, 10 kuma mai kyau ƙwarai. Tazarar digiri biyu ce, don haka tsari mai kuskuren 1.0 zai riƙa jefa wasu a ajin da ba nasu ba. In ajin sama na da tsada, ɗaga iyakar da digiri ɗaya, na tsakiya kuma a bar su a matsayin masu shakka.

Dangane da kuɗi, NMR ba kayan dillali ba ne a yanzu. Na'urar hannu mai hasken NIR, wato haske marar ganuwa da ke gab da ja, ta fi ta arha da sauri nesa, kuma ga mai siririn ɓawo irin mangwaro da tumatir tana aiki da kyau. Sai dai hasken ba ya shiga da zurfi, NMR kuwa har tsakiya take ji, ta kuma tona ruɓa da rami da ƙujewar da ido bai gani ba. Wurinta ɗakin bincike ne, da shirin inganta iri inda ake son bin ɗan itace guda yana nuna kwana bayan kwana, da kamfanin da ke son tantance kayan fitarwa.

Tsarin da aka gina da kayan rani bai zama lallai ya dace da na damina ba, saboda ruwa da taki da zafin gona sun canja. Farkon kowace kaka ɗauki 20 zuwa 30, ka yi musu NMR da Brix. In kuskuren karkata ce kawai gefe guda, cire ta daga hasashen ka ci gaba. In warwatsewa ta ƙaru, zuba sababbin cikin rukunin koyarwa ka sake gini, ka nemo wani rukunin jarrabawa. Haka za a yi duk lokacin da aka canja kwayil, ko mariƙin samfuri, ko zafin ɗakin.